Tsintsiya Ba Ta Wuce Kowa

Babanmu direban tirela ne. Ya daɗe da ajiye sitiyari, amma har gobe in ka tambayi gidan Baba Tirela a unguwarmu, ko mai sayar da katin waya a bakin titi zai nuna maka. Tuƙi bai bar jikinsa ba. In ya zauna a kujera, ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasa tana saki, kamar akwai kuloci a wajen. In zai miƙe sai ya dubi dama ya dubi hagu, ko da a tsakiyar ɗakinsa ne. Gwiwar nan ta hagu kuwa ta gama aiki tuntuni, likita ya ce ba abin da ya rage a cikinta sai haƙuri.

Dokoki biyu ya yi rayuwarsa a kansu, kuma mun ji su har sun gundure mu. Ta farko: mota mai nauyi ba ta tare hanya. In ya kama hawa da lodi, motar tana nishi, sai ya raɓe gefe ya zuro hannu ta taga yana yi wa ƙananan motoci alama su wuce. Da wannan yake alfahari, wai duk tsawon aikinsa bai taɓa riƙe kowa a bayansa ba. Ta biyu: mota in ta tashi, ta tashi. Ba a tsayawa don an manta hula, ba a tsayawa don wani ya kira.

Ni ce babba a gidan, kuma ni ce na fi kowa shan wahalar doka ta biyu. Baba yakan biyo ta gida da lodi, ya ajiye motar a bakin layi, ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barcin da ba a isa a yi tari kusa da shi ba, sannan ya tashi. Da zarar motar ta motsa, Autanmu zai zuba a guje bayanta, ba takalmi, ba kuka, ba kira, gudu kawai. Sai Mama ta ɗaga murya daga kicin: "Bi shi mana, kina tsaye!" Haka zan bi shi har gidan man da ke mararraba, in tarar da shi tsaye yana haki, yana kallon hayaƙi. Silifas nawa na tsinke a hanyar nan, Allah kaɗai ya sani. Motar kuwa ko rage gudu ba ta taɓa yi ba.

Wata rana dai Auta ya daina bin motar. Gudun ne bai daina ba. Ya yi a makaranta, ya yi a filin wasa, daga ƙarshe karatu ya kai shi ƙasar waje, ya samu aiki a wani asibiti yana ɗaukar hoton ƙashi, ya zauna can. Yana kira, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma in an miƙa wa Baba wayar, hirar ba ta wuce: "Baba, ina wuni? Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ba ni Yaya."

Bayan rasuwar Mama gidan ya yi wa Baba girma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a hanya, sai ga shi ya san adadin tsagar da ke jikin silin ɗinsa. Rannan na je kai masa magani bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa, ya ce mini yana so ya je ya ga Auta. Na ce da wace ƙafar? Ya ce da ta dama. Auta ya yi duk abin da ake yi na takardu, ni kuma, da yake ba wanda ya fi ni rashin sa'a a gidanmu, na zama karen motarsa.

A cikin jirgi ne ya gaya mini abin da ya kai shi. Ya ƙi cin abincin da aka kawo, yana riƙe da hannun kujera gam, don bai yarda da motar da ba ya ganin direbanta ba.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana tun ranar da na fara aiki, "ba yawon buɗe ido zan je ba. So nake in zauna da yaron nan, ni da shi, ko na tsawon shan shayi ne. Ban taɓa yi ba. Kuma ke ma kin san daga wannan ba wata doguwar tafiya."

Na sani ɗin. Na gyara masa bargo kawai.

Gidan Auta ɗaki ɗaya ne da falo a saman bene, tsaf kamar ba a kwana a ciki. A bakin ƙofa takalman gudu ne jere, wasu da busasshen taɓo a jiki. Ya bar wa Baba gadonsa, ni na ɗauki doguwar kujera, shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da firji. Ya sayo rigar sanyi, ya cika firjin, ya kai Baba wajen likitan ƙashi, ya nuna mini yadda ake kunna abin ɗumama ɗaki. Ba abin da ɗa zai yi wa uba da bai yi ba, in ban da zama. A tsaye yake cin abinci. In Baba ya gyara murya ya ce, "Auta," sai ya ce, "Na'am Baba, me kake buƙata?" yana riƙe da soson wanke kwano. To wa zai iya fara maganar shekara da shekaru da mutumin da ke riƙe da soso? Sai Baba ya ce, "Ba komai, ruwa zan sha."

Ruwan da Baba ya sha a gidan nan ya isa wanke tirela.

Da rana Auta yana asibiti. Baba yakan ja kujera bakin taga, inda ake hango babban titi, ya wuni yana gyara wa direbobin ƙasar mutane tuƙi. "Dubi wancan, ya shiga kwana bai sauke giya ba." Ni kuma in wuni ina jin haushinsu su biyun. Na gaji da zama a tsakani, na gaji da sanyi, na gaji da zama mai sulhu a gidan da ba mai cewa abin da ke ransa. Na taɓa tare Auta a kicin na ce, "Kai, tsohon nan fa don kai ya zo." Ya ce, "Yaya, akwai abin da ya rasa ne?" Na dube shi, na koma falo.

Haka kwanaki suka tsiyaye har ya rage mana Asabar ɗaya, washegari jirgi. Ranar Juma'a da yamma Auta yana goge takalmi ya ce gobe da safe zai ɗan fita, ƙungiyarsu ta masu gudu tana da fita bayan gari, kuma shi ne zai ja gaba. Zai dawo kafin azahar ya taya mu ɗaure kaya.

"Da ni za a je," in ji Baba.

"Gudu ne fa, Baba. A kan tudu, cikin itatuwa, ba kwalta."

"Ba kai ka ce mana kowa na iya zuwa ba, har baƙon da ya zo wucewa? To ni baƙo ne, kuma wucewa zan yi."

Auta ya dube ni don in sa baki. Na ɗauke kai na ci gaba da ninke kaya. Ƙafar ta Baba ce, ɗan ma nasa ne.

Da safe muka shiga ƙaramar motar Auta. Baba yana sanye da wandon motsa jiki na Auta wanda ya yi masa tsawo, da rigar sanyi, da tsohon takalmin gudu da aka cike da safa biyu, ga hularsa ya ƙi cirewa. Ni ma an ba ni aro, na sa a ƙarƙashin doguwar riga. Duk wanda ya gan mu ya san ba gudu ya kawo mu ƙasar ba.

A gindin wani tudu aka taru, a filin ajiye motoci. Mutane ne iri-iri: matasa, tsofaffi sirara kamar an shanya su, wata da karenta, wani mai ƙaton tumbi da na ji daɗin ganinsa don na ce aƙalla muna da abokin tafiya. Aka yi da'ira, aka gabatar da sababbin zuwa, aka tafa wa Baba har ya ɗaga hula. Sannan Auta ya shiga tsakiya yana bayanin hanya da harshen ƙasar. Nan na ga wani mutum da ban sani ba. Yana zolayar wannan, yana dukan kafaɗar wancan, ya faɗi wani abu kowa ya kwashe da dariya, shi ma ya yi har da riƙe ciki.

Baba ya matso kusa da kunnena. "Ashe yana dariya," ya ce.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kamar ina gyara igiyar takalmi.

Ƙungiyar tana da tsari guda da ba a taɓa shi. A kowace fita ana ba mutum ɗaya wata riga ruwan lemo mai hoton tsintsiya a baya, kuma Tsintsiya suke kiransa. Aikinsa ya bi bayan na ƙarshe. Ba ya wuce kowa, ko da mutum rarrafe yake yi. A can ƙarshen hanya kuma, inda motar da ke ɗauke da kofi da biskit take jira, ba mai kai kofi baki sai Tsintsiya ya iso, don isowarsa ce shaidar ba a bar kowa a daji ba. Tsintsiyar ranar wata dattijuwa ce mai furfura, 'yar firit, mai yawan murmushi. Na fassara wa Baba duk wannan, ya gyaɗa kai, amma na san hankalinsa yana kan Auta.

Aka tashi. Kafin in gyara mayafi Auta ya ɓace cikin itatuwa da rabin jama'a. Baba ya yi gudu, wallahi ya yi, in dai za a kira abin da ya yi gudu: kafaɗa tana gaba, ƙafar hagu tana biyowa daga baya kamar ba ta yarda da tafiyar ba. Mai tumbin nan da na dogara da shi ya wuce mu kamar an harbo shi. Da hanya ta fara hawa, Baba ya koma tafiya. Hanyar siririya ce, taɓo da saiwoyi, ga yayyafi ya fara. Muka rage mu uku: Baba, ni, sai dattijuwar a baya, takunta ƙyas-ƙyas a kan ganye.

Takun nan ne ya dame shi. Na ga yana karkata kai. Can sai ya raɓe gefen hanya, ya zuro hannu yana kaɗawa, daidai yadda yake yi ta tagar mota. Dattijuwar ta yi murmushi, ta girgiza kai, ta juya ta nuna masa tsintsiyar da ke bayanta.

"Baba, ba ta wucewa. Na gaya maka, dokarsu ce."

"Ba a haka," ya ce yana haki. "Mai nauyi ba ya tare hanya. Baiwar Allah ta fito gudu, in mayar da ita mai kiwon tsoho?"

Ya ƙara gaba kaɗan, ya sake raɓewa, ya sake kaɗa hannu. Ta sake murmushi. Haka suka yi ta yi, shi yana ba da hanya, ita tana ƙin karɓa, har muka kai wani faɗaɗɗen icce. Baba ya zauna a kai ya ce shi da tashi sai ta wuce. Na faɗa mata. Ta ce ba damuwa, ta samu dutse ita ma ta zauna, ta ciro gorar ruwa ta miƙa masa. Ya karɓa ya yi godiya ya sha, ya mayar mata, ya sake nuna mata hanya.

Ban taɓa ganin taurin kai biyu sun haɗu da ladabi haka ba. Ni kuwa ruwa yana shiga mini ta wuya, ƙafata ta yi sanyi, raina ya gama ɓaci. Na ce a zuciyata, mun ƙetare duniya don mu zauna a kan icce da matar da ba mu jin yarenta sosai, wanda muka zo dominsa yana can gaba yana ba wasu dariya. Da dattijuwar ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ta ciro waya.

Ba a jima ba muka ji gudu daga sama. Auta ne, taɓo har gwiwa, fuskar nan a ɗaure.

"Baba, lafiya? Ƙafar ce?"

"Ƙafa lafiya lau. Ka ce wa baiwar Allah nan ta wuce."

"Ba ta wucewa, Baba. Mutane suna can za su tsaya cikin ruwa, ba mai shan komai sai kun iso."

"To ka ga abin da nake gudu ke nan. Ni duk tsawon aikina ban taɓa barin wani yana bin bayana yana wahala ba."

Auta ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni, na dube shi. Ni da na sha zuwa gidan man nan in kamo shi, na san abin da ya haɗiye. Ya juya wajen dattijuwar suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta cire rigar ta miƙa masa, ta dafa kafaɗar Baba, sannan ta haura tudun da gudu kamar yarinya. Baba ya bi ta da kallon gamsuwa, wai ya ci nasara.

Auta ya zura rigar. "To, yanzu ni ne Tsintsiya. Ni ba baƙo ba ne, ba sai ka ji nauyina ba. Tashi mu je."

Na kama hannun Baba ya miƙe. Muka ci gaba da hawa, Baba a gaba, ni a gefensa inda hanya ta ba da fili, Auta a baya da 'yar tazara. Da yake jikinsa ya yi zafi kuma ga sanyi, ba tafiya yake yi ba, ɗan gudu yake yi a hankali don kada jikin ya sandare. Fat, fat, fat. Na san takun nan tun ba a sa masa takalmi ba.

Baba bai kaɗa hannu ba. Na ga wuyansa ya ƙage, idonsa yana ta komawa gefe, sama kaɗan da kafaɗa, inda madubi yake zama a mota. Muna tsakiyar hawa, inda ya fi tsayi, inda ya sha gaya mana direban kirki ba ya tsayawa ko me ya faru, sai ya tsaya.

"Ci gaba, Baba," in ji Auta. "Ina bayanka."

"Na sani." Bai juyo ba. "Har gidan mai kake kaiwa. Akwai wata jar riga da kake yawan sawa, aljihunta ya yage."

Takun ya tsaya.

"Kana ganina?"

"A madubi. Ba tafiyar da ban gan ka ba."

"To me ya hana ka tsayawa?" Muryar Auta ba ta tashi ba, amma ba muryar mai riƙe da soso ba ce.

"In na tsaya na ɗauke ka, ba zan iya sauke ka in tafi ba. Kuma tafiyar dole ce." Ya share ruwan da ke fuskarsa da hula. "Ban ce na yi daidai ba. Ga shi dai na tsaya. Ƙaraso."

Ni dai na ƙura wa wata saiwa ido. Can na ji takun Auta, a hankali, har ya zo ya tsaya a kafaɗar Baba. Sai Baba ya dube ni, ya zuro hannu ya kaɗa. Wannan karon an samu mai karɓar hanya. Na tattare rigata na wuce, ina tafe ina kuka ina zamewa a taɓo, ga haushin sai da muka jiƙe sharkaf kafin a yi maganar da za a iya yi a falo.

Na tarar da jama'a a ƙarƙashin wata rumfa, kowa ya rungume hannu, kofuna a jere ba wanda ya taɓa. Ba wanda ya yi tsaki, har mai tumbin. Mun yi jira mai tsawo. Da suka ɓullo daga cikin itatuwa, a jere suke, hanyar ba ta ishe su ba, kowanne ƙafarsa ɗaya a cikin ciyawa. Da suka kusa, Auta ya ja baya taku ɗaya ya bar Baba ya fara isowa, don doka doka ce. Aka tafa, aka zuba kofin da ya riga ya huce.

A jirgi na tambayi Baba me suka tattauna. Ya ce Auta ya tambaye shi yadda ake sauka gangara da lodi, shi kuma ya yi masa bayani. Na ce shi ke nan? Ya ce, "Bayanin yana da tsawo, Malama." Ya juya ya yi barci.

Gwiwar ba ta yafe masa ba. Tun da muka dawo da sanda yake zuwa bakin ƙofa, kuma ni ce dai mai kai magani. Ba zan ce sun zama abokan hira ba, har yanzu rabin maganarsu ƙafa ce da sanyi. Amma Auta bai mayar da rigar nan ba, ya ce a bar masa aikin. Duk Asabar yakan kira daga can bayan jama'a, ya jefa wayar a aljihu da abin ji a kunne. Wani lokaci su yi magana, wani lokaci ba mai cewa komai. Na shiga rannan na tarar da wayar a hannun kujera, ba abin da ke fita sai haki da fat, fat, fat. Na ɗauka an manta ba a kashe ba, na miƙa hannu.

"Bar ta," in ji Baba. "Bai iso ba tukuna."